Zaɓen Zauren Tattaunawa na Ma'aikata: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sa Hannu a Kwangila

A watan Mayun 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sanar da abokan cinikinsa cewa zai rufe Workplace, manhajar da ya ƙaddamar a watan Oktoban 2016 domin ma'aikatan kamfanoni su riƙa tattaunawa a tsakaninsu cikin siga irin ta Facebook. Manhajar ba ta rasa jama'a ba, domin a 2021 kamfanin da kansa ya ce masu amfani da ita da ake biya wa kuɗi sun kai miliyan 7; hankalin masu ita ne ya karkata zuwa ga ƙirƙirarriyar basira da wasu ayyukan da suka fi ba su sha'awa. An ba kamfanoni wa'adi zuwa ƙarshen Agustan 2025 su ci gaba da aiki da ita, daga nan sai karatu da sauke bayanai kawai har zuwa Mayun 2026, aka kuma nuna musu Workvivo, mallakar kamfanin Zoom, a matsayin gidan da za su iya komawa. Duk kamfanin da ya shekara bakwai ko takwas yana zuba sanarwarsa da muhawarorinsa da amsoshin tambayoyin ma'aikatansa a cikin wannan manhaja, sai ya wayi gari yana lissafin yadda zai kwashe kayansa daga gidan hayar da ya ɗauka tamkar nasa ne.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A watan Yulin 2018 kamfanin Atlassian ya sayar wa Slack, kamfanin da ke da manhajar hirar ma'aikata mai wannan suna, haƙƙin mallakar manhajojinsa biyu na hira, HipChat da Stride, ya kuma rufe su a Fabrairun 2019. Google ya mayar da ragowar Google+ zuwa wani zaure na ma'aikata mai suna Currents, sannan ya rufe shi a 2023. Microsoft ya yi wa Skype for Business na intanet ritaya a ƙarshen Yulin 2021, shi kuwa zauren ma'aikata na Yammer, wanda ya saya a 2012 a kan dala biliyan 1.2, ya sauya masa suna zuwa Viva Engage a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da za a kira ƙarami ko mai neman durƙushewa. Na kawo wannan tarihi ne tun farko saboda shi ne ya kamata ya sauya yadda ake kallon batun baki ɗaya: ilimin da ma'aikata ke tarawa a rubuce yana daɗewa fiye da manhajar da aka zuba shi a ciki, kuma mafi yawan kwamitocin da ake ɗora wa zaɓen manhaja ba sa tambayar yadda za a fita sai ranar da fitar ta zama dole.

Yadda aka saba yi shi ne a kafa kwamiti, galibi ƙarƙashin sashen kwamfuta, a zana tebur mai layuka da yawa, a jera sunayen manhajoji a sama, a riƙa sa alama a gaban kowace: tana da kiran bidiyo, tana da manhajar waya, tana karɓar fayil, tana haɗuwa da kalanda. Matsalar wannan hanya ita ce manyan manhajojin sun daɗe da kwaikwayon juna, har ta kai kusan kowace tana cika kowane gurbi, sai teburin ya ƙare ba tare da ya bambanta komai ba, a koma kan farashi ko kan abin da shugaban kamfani ya gani a wani taro ya burge shi. Bambancin da ke da tasiri yana can a tsarin da manhaja ke tilasta wa magana ta bi, kuma ba ya fitowa a irin wannan tebur.

Maganar da ake yi a wurin aiki ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta nan-take, wadda amfaninta ke ƙarewa cikin awa guda: mota ta iso, an ɗage taro zuwa ƙarfe biyu, wa ke riƙe da makullin sito. Wannan ita ce manhajojin hira irin su Slack da Microsoft Teams da Google Chat aka gina dominta, kuma sun ƙware a kanta. Akwai kuma rubutun da aka riga aka daidaita a kansa, wato dokokin aiki da matakan gudanar da shi, wanda mazauninsa shi ne rumbun takardu irin SharePoint da ya fito a 2001 ko Confluence da ya fito a 2004. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani nau'i na uku da ya fi kowanne daraja kuma ya fi kowanne shan wulaƙanci, wato muhawarar da ke ɗaukar kwanaki: me ya sa za mu sauya dillalin da ke kawo mana kaya, wace hanya ce ta fi dacewa a bi wajen karɓar bashin da ya daɗe a hannun abokan ciniki, me ya jawo injin nan ke tsayawa duk lokacin zafi. Irin wannan magana tana buƙatar take, tana buƙatar mutum ya sami sararin rubuta hujjarsa a tsanake, tana buƙatar wanda ya yi tafiyar mako guda ya dawo ya karanta daga farko ya fahimta, tana kuma buƙatar wanda za a ɗauka aiki bayan shekara biyu ya nemo ta ya gane dalilin da ya sa aka yanke hukuncin da ya tarar.

Idan aka jefa irin wannan muhawara cikin manhajar hira, abin da ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a gurup ɗin ofis. Wani ya kawo batu mai nauyi da safe, mutum biyu suka amsa, na uku ya shigo da tambayar da ba ta da alaƙa, aka yi ta'aziyya, aka yi barka, kafin azahar batun ya nutse ƙarƙashin saƙonni ɗari. Wanda ke riƙe da waya a lokacin shi ke da murya, wanda kuwa ke bakin aiki ko ke kan hanya sai ya tarar an gama. Tsarin hira yana fifita mai saurin amsa a kan mai zurfin tunani, yana kuma hukunta wanda ya kashe sanarwa domin ya mai da hankali kan aikin da aka ɗauke shi ya yi. Slack da Teams sun yi ƙoƙarin rage wannan ta hanyar ba da damar amsa wa saƙo a ƙarƙashinsa, amma tun da zaɓi ne ba tilas ba, rabin mutane na bi, rabi ba sa bi, sai magana ɗaya ta rabu gida biyu.

Zauren tattaunawa na asali ya ginu ne a kan akasin haka. Kowace magana sai an ba ta take kafin a fara ta, amsoshi na taruwa a ƙarƙashin taken, kuma batun da aka taɓa bayan wata shida yana dawowa sama da tarihinsa cikakke. Discourse, wadda Jeff Atwood da abokan aikinsa suka fara a 2013, misali ce ta wannan tsari a sigar zamani, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce da kowa zai iya ɗora wa kwamfutarsa. Zulip, wadda Dropbox ya saya a 2014 ya kuma saki tushenta ga kowa a 2015, ta ɗauki hanyar tsakiya: hira ce, amma kowane saƙo dole ya shiga ƙarƙashin wani maudu'i mai suna. Kamfanin Automattic, mai WordPress.com, wanda ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe da dama, ya daɗe yana gudanar da muhimman shawarwarinsa a wasu shafuka na cikin gida da yake kira P2, yana barin hira ga abin da ba ya buƙatar ajiya. A ganina, kamfanin da ya fahimci wannan rabe-raben ya gama rabin aikin zaɓe tun bai buɗe kundin farashin kowa ba, domin zai gane cewa mai yiwuwa wurare biyu yake buƙata, da ƙa'ida bayyananniya a kan abin da ke zuwa kowanne. Wurare biyar kuwa sun yi yawa. Da zarar ma'aikaci ya fara tambayar kansa ko a imel aka faɗi abu ko a hira ko a zaure ko a rumbun takardu, to an koma gidan jiya.

Sai dai a zahiri kamfanoni da yawa ba sa zaɓe, gado suke yi. Microsoft ya fito da Teams a watan Maris na 2017 ya kuma cusa shi cikin kunshin Office 365 da kamfanoni suka riga suke biya saboda Word da Excel da Outlook, don haka ga mai riƙe da asusun kamfani, Teams tamkar kyauta ne, Slack kuwa ƙarin kashe kuɗi. Wannan ne ya sa Slack ya kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a Yulin 2020, 'yan watanni kafin Salesforce ya sanar da sayen shi a kan kimanin dala biliyan 27.7. Matsin lambar ta sa Microsoft ya raba Teams da kunshin a Turai a Oktoban 2023, sannan a sauran duniya a Afrilun 2024, amma a lokacin masu amfani da Teams a kowane wata sun riga sun kai miliyan 320. Ba laifi ba ne kamfani ya yi amfani da abin da ya riga ya biya, sau da yawa ma shi ne daidai, musamman da yake shiga da asusu ɗaya da haɗuwa da takardun aiki suna rage wahala ƙwarai. Abin da ya zama kuskure shi ne a ɗauka cewa tun da an sami manhajar hira a cikin kunshi, an sami wurin muhawara ke nan.

Batun kuɗi yana da fuskar da kamfanonin da ke samun kuɗin shigarsu da naira suka sani sarai. Kusan duk waɗannan manhajoji ana biyansu ne bisa kan kowane ma'aikaci a kowane wata, kuma farashin na bin dala. A ɗauka, don misali kawai, kamfani na da ma'aikata 200 kuma ana cajin dala 8 a kan kowanne. Dala 19,200 ke nan a shekara. A watan Mayun 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460 a kan dala, wannan bai kai naira miliyan 9 ba. A farkon 2024, da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya doshi miliyan 29, alhali ba a ƙara ko ma'aikaci ɗaya ba. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ta wanda ake ƙirgawa: direbobi da masu gadi da ma'aikatan sito da ke leƙa zaure sau ɗaya a mako, shin farashinsu ɗaya ne da na akawun da ke yini a ciki? Wasu masu sayarwa na da lasisi mai rahusa ga ma'aikatan da ba sa zama a tebur, amma sai wanda ya tambaya ake gaya wa.

Gudun wannan nauyi ke sa ƙananan kamfanoni su fake a tsarin kyauta, kuma a nan ne maganar Hausawa cewa zanen aro ba ya rufe katara ke fitowa fili. Daga Satumban 2022 tsarin kyauta na Slack ya daina nuna saƙon da ya wuce kwana 90, daga Agustan 2024 kuma kamfanin ya fara share saƙonni da fayilolin da suka haura shekara guda a irin waɗannan asusu. Kamfanin da ya ɗauka yana tara tarihi, ashe wata uku kawai yake gani a bayansa.

Duk wannan lissafi ana yin sa ne kamar filin babu kowa, alhali a Najeriya da Nijar da Ghana da sauran ƙasashe da dama akwai wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma a ciki, wato WhatsApp. Kowace sabuwar manhaja da kamfani zai kawo, da shi za ta yi gogayya, kuma yana da abubuwan da ke da wuyar dokewa: yana kan wayar kowa, ba ya cin data da yawa, yana jure raunin sabis, yana karɓar saƙon murya daga wanda rubutu ke yi wa nauyi, ba ya kuma buƙatar horo. Amma gurup ɗin WhatsApp ba mallakar kamfani ba ne. Lambobin na ma'aikata ne, tarihin yana cikin wayoyinsu, wanda ya buɗe gurup ɗin yana iya barin aiki ya tafi da iko a kansa, kuma wanda aka sallama yana tafiya da duk takardun da aka taɓa turawa, tun daga jerin farashi har zuwa hotunan katin shaidar abokan ciniki. Sabon ma'aikaci kuwa a al'adance yana shigowa ne ya tarar da allo fari, kamar ba a taɓa cewa komai ba kafin zuwansa.

A Amurka wannan sakaci ya zama abin tara mai tsanani ga bankuna, saboda doka ta wajabta musu ajiye duk wata magana ta kasuwanci. A Disamban 2021 hukumomin da ke sa ido kan hada-hadar hannun jari da kayayyaki suka ci JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa na tattauna harkokin aiki ta WhatsApp da saƙonnin wayoyinsu na kansu, a Satumban 2022 kuma wasu manyan bankuna da dillalai suka biya kimanin dala biliyan 1.8 a kan laifi iri ɗaya. Dokokin wasu ƙasashen ba su kai haka tsauri ba, amma alkiblar ɗaya ce. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a Mayun 2018, Najeriya kuma ta sami tata a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su da sanin inda ake kai su idan za su ƙetare iyaka. Kamfanin da bayanan abokan cinikinsa ke yawo a wayoyi ɗari da ba shi da iko a kansu zai sha wuyar bayyana wa kowace hukuma yadda yake cika wannan alhaki. Hana WhatsApp da takardar gargaɗi kuwa ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne manhajar hukuma ta yi kusa da shi a sauƙi a kan waya mai araha, sannan shugabanni su daina amsa batun aiki a can.

Daga nan sai tambayar inda bayanan za su zauna: a kwamfutocin mai sayarwa, abin da ake kira gajimare, ko a na'urar da kamfani ke riƙe da ita da kansa. Masu goyon bayan riƙo da kai na da hujja mai ƙarfi. Manhajoji irin su Mattermost da Rocket.Chat da Nextcloud da Discourse ana iya ɗora su a gida, babu mai rufe su da sanarwa, kuma wasu gwamnatoci sun bi wannan hanya saboda 'yancin bayanansu, kamar Faransa da ta ƙaddamar da manhajar hira mai suna Tchap ga ma'aikatanta a 2019. Gajimare ma yana da ranakun baƙin cikinsa. A Afrilun 2022 wani kuskure da aka yi wajen gudanar da umarnin gogewa ya share shafukan abokan cinikin Atlassian kusan 775, wasu sai da suka yi mako biyu kafin a maido musu. A ranar 14 ga Maris na 2024 kuma, lalacewar manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta jefa bankuna da ofisoshi a Najeriya da Ghana da Kwaddebuwa cikin tangarɗa, duk wanda aikinsa ya rataya a kan kwamfutocin da ke Turai ya ji a jikinsa.

Amma riƙo da kai alkawari ne na kullum, kuma a nan ne nake ganin ana yawan yaudarar kai. Na'urar na buƙatar wuta ba yankewa, tana buƙatar ajiyar kwafi a wani wuri daban da ake gwada maido da shi lokaci-lokaci, tana kuma buƙatar mutumin da zai toshe kafar tsaro cikin kwana ɗaya ko biyu da sanar da ita. A Yunin 2022 masu kutse sun yi ta shiga Confluence ɗin da kamfanoni ke riƙe da shi a gida ta wata kafa da aka gano, a Yulin 2025 kuma irin haka ta faru da SharePoint na gida, har da hukumomin gwamnati a cikin waɗanda abin ya shafa, alhali masu amfani da sigar gajimare ba su shiga wannan hatsari ba. Ko ikon ci gaba da riƙon ma ba tabbas ba ne idan manhajar ta kuɗi ce, domin Atlassian, mai Confluence, ya daina tallafa wa sigarsa ta ƙananan na'urorin gida a Fabrairun 2024. Kamfanin da ke da ma'aikacin kwamfuta ɗaya tilo, wanda shi ke gyara firinta shi ke haɗa waya, gara ya biya wani ya riƙe masa, ko da buɗaɗɗiyar manhaja ya zaɓa. Hakan na ba shi abu biyu a lokaci guda, wato kulawar ƙwararru da kuma damar ɗaukar bayanansa cikakku ya koma wani wuri idan sun saɓa.

Tsaro kuma ba ya tsayawa a kan inda na'ura take. Zauren ma'aikata wuri ne da mutane ke sakin jiki, suna manna kalmomin sirri da takardun albashi da maganganun da ba za su so a karanta a jarida ba. A 2021 waɗanda suka yi wa kamfanin wasanni na Electronic Arts kutse sun shaida wa 'yan jarida cewa da dala 10 suka sayi bayanan shiga Slack na wani ma'aikaci, daga nan suka yaudari sashen kwamfuta ya ba su hanyar shiga sauran wurare. A Satumban 2022 wanda ya kutsa cikin Uber a Slack ɗin kamfanin ya sanar da ma'aikata abin da ya yi. A Yulin 2024 an fitar da bayanai fiye da terabayit guda daga Slack ɗin Disney, abin da ya sa kamfanin ya yanke shawarar barin manhajar. A dukkan waɗannan, ta hannun mutum aka shiga. Saboda haka abubuwan da suka cancanci a tsaya a kansu wajen ciniki su ne shiga da asusun kamfani guda ɗaya, tabbatarwa ta mataki biyu (wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri), da rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya bari ba tare da an jira wani ya tuna ba. Kuma masu sayarwa da dama sukan ajiye wasu daga cikin waɗannan a tsarinsu mafi tsada, don haka farashin da ke kan talla ba shi ne farashin da za a biya ba. Akwai kuma wani cin karo da dole a fuskanta: ajiye komai har abada yana ƙara abin da ɓarawo zai kwasa da abin da lauyan abokin shari'a zai nema, share komai da wuri kuma yana kashe ilimin kamfani. Rabe-raben da aka yi a baya shi ke warware wannan, domin ana iya sa hira ta riƙa gogewa bayan 'yan watanni, a bar muhawara mai take da hukuncin da aka yanke su daɗe. Zuwan mataimakan ƙirƙirarriyar basira irin Copilot, wanda Microsoft ya fara sayar wa kamfanoni a Nuwamban 2023, ya ƙara wa batun nauyi, tun da suna iya zaƙulo duk takardar da aka bari a buɗe bisa kuskure, ko da a da babu wanda ya san tana nan.

Ko an dace da manhaja, saura mutane. Tun a 1988 masanin kwamfuta Jonathan Grudin ya nuna cewa manhajojin aikin haɗin gwiwa na faɗuwa ne idan wanda ke ɗaukar wahalar shigar da bayani daban ne da wanda ke cin moriyarsa. A farkon shekarun 1990 wata masaniya mai suna Wanda Orlikowski ta jami'ar MIT ta bibiyi wani babban kamfanin ba da shawara da ya raba wa ma'aikatansa manhajar musayar bayanai ta Lotus Notes, ta tarar ba sa zuba iliminsu a ciki, saboda ƙarin girma a wurin ya dogara ne ga fin abokin aiki da kuma sa'o'in da aka caji abokin ciniki, babu wanda zai ɓata lokacinsa ya ba kishiyarsa makami. Jakob Nielsen kuma, masanin yadda mutane ke amfani da manhaja, a 2006 ya yaɗa ƙiyasin nan cewa a yawancin zaurukan intanet kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi, kashi 9 na sa baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke yawancin rubutu. Kamfani mai mutum 40 da ya buɗe zaure mai rukuni 15 zai tarar da kufai cikin wata guda, kuma zauren da aka leƙa sau biyu aka ga babu kowa ba a komawa na uku.

A wuraren da girmama na gaba ke da ƙarfi, kamar namu, akwai ƙarin shinge da masu ƙera manhaja a Kalifoniya ba su yi tunaninsa ba. Ƙaramin ma'aikaci zai yi nauyin rubuta ra'ayin da ya saɓa wa na oga a wurin da kowa ke gani kuma ba ya gogewa, yana kuma jin kunyar yin tambayar da za ta nuna bai sani ba. Da zarar manaja ya fara faɗin ra'ayinsa, sauran amsoshin sukan zama na amincewa da addu'a. Babu manhajar da ke gyara wannan, amma shugaban da ke jinkirta nasa ra'ayin har sai na ƙasa sun yi magana, wanda kuma ke yin tambaya a fili ya gode wa wanda ya gyara masa, yana iya sauya yanayin. Harshe ma na da nasa tasirin: inda ake cakuɗa Hausa da Turanci ko Faransanci, ya kamata a gwada akwatin bincike a gani ko wanda ya rubuta "kudi" zai sami saƙon da aka rubuta "kuɗi", domin wasu manhajojin na ɗaukar su kalmomi biyu daban, saƙon murya kuwa bincike ba ya ganinsa sam sai an mayar da shi rubutu. Haka nan ƙa'idar abin da ya halatta a tattauna gara a kafa ta tun ranar farko. Kamfanin Basecamp, wanda shi kansa manhajar haɗin gwiwa yake sayarwa, ya hana maganar siyasa a zaurensa na aiki a Afrilun 2021 bayan an daɗe ana yi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa suka ajiye aiki. Inda siyasa da addini da ƙabila ke saurin tayar da jijiyar wuya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Gwajin da ya fi amfani shi ne a ba wani sashe guda, mai aiki na gaske da ma'aikatan da ke fita waje, manhajar na tsawon wata ɗaya ko biyu a kan wayoyin da suke da su da kuma datar da suke iya saye, a maimakon a bar gwajin a hannun ma'aikatan kwamfuta masu manyan na'urori da intanet na ofis. A ƙarshen wa'adin a kawo wani daga wani sashe a ce ya nemo dalilin wani hukunci da aka yanke a makon farko, a duba minti nawa zai ɗauka. Sannan, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a yi gwajin ƙaura tun kafin a sa hannu: a umarci manhajar ta fitar da duk abin da aka rubuta, a buɗe abin da ta bayar a gani. A nan ne ake cin karo da abubuwan da ba a faɗa a talla. A ƙananan tsare-tsaren Slack, alal misali, abin da ake iya fitarwa kai tsaye shi ne saƙonnin zaurukan da ke buɗe ga kowa, na sirri da na tsakanin mutum biyu sai da neman izini, galibi kuma a tsari mai tsada, fayilolin da aka manna kuwa adireshinsu kawai ke fitowa, wanda ke nufin sai an bi su an sauke tun asusun na raye. Discourse na ba da kwafin rumbunsa gaba ɗaya, wanda za a iya ɗora wa wata na'ura a ci gaba daga inda aka tsaya. Abin da wannan gwaji ya nuna shi ya kamata ya shiga kwangila a rubuce: sigar da za a miƙa bayanan, ko sunayen marubuta da ranaku da fayiloli za su biyo su, kwana nawa kamfani ke da su bayan ƙarewar yarjejeniya kafin a share, da kuma tsawon sanarwar da mai sayarwa zai bayar idan ya yanke shawarar ƙara farashi ko rufe manhajar.